Yadda Za a Tsara Shafin Intanet na Jami'a Domin Ɗalibin Karkara Ya Amfana

A kowace shekara, da zarar hukumar JAMB ta saki sakamakon jarrabawa, gindin darbejiyar da ke ƙofar makarantarmu yakan koma kamar ofis, domin a nan ne kaɗai sabis yake ɗan tsayawa a ƙauyen namu da ke ƙasar Ringim. Ɗaliban da muka yaye sukan zo bayan la'asar da wayoyinsu, wasu da wayar yayyensu, su ce in taya su duba abin da jami'o'i suke buƙata. Ni malamin kwamfuta ne, kuma na taɓa gina shafuka ga wasu ƙananan makarantu, saboda haka na daɗe ina kallon shafukan jami'o'inmu da idon wanda ya san yadda ake haɗa su, da kuma idon wanda yake zaune kusa da yaron da datarsa ke ƙarewa kafin shafin farko ya gama buɗewa. Wannan rubutu na yi shi ne domin ma'aikatan sashen fasahar sadarwa na jami'o'i, da ofisoshin rajistara, da duk wanda aka ɗora wa alhakin abin da ake sakawa a shafin makaranta.

Ma'aunin da nake so a riƙe shi ne, shafin jami'a yana da amfani gwargwadon yawan tafiye-tafiyen da ya hutar da mutane. Jihar Jigawa tana da ƙananan hukumomi 27, Kano tana da 44, kuma yawancin masu neman gurbin karatu a Jami'ar Bayero, ko Jami'ar Tarayya ta Dutse da aka kafa a 2011, ko Jami'ar Sule Lamido da ke Kafin Hausa, ko ta kimiyya da fasaha da ke Wudil, ba a bakin ƙofar makarantun suke zaune ba. Mutumin Guri ko Gwaram ko Maigatari, idan bai sami amsar tambayarsa a waya ba, dole ya shiga mota, kuma sau da yawa kuɗin motar nan daga buhun gero ko ɗan akuya yake fitowa. Na san dattijon da ya rako ɗansa har birni domin tantancewa a wata jami'a, suka isa aka shaida musu cewa ranar da suka gani a shafin ta bara ce, ba a cire ta ba. Kwana guda suka yi asara a tsakiyar damina, ga kuɗin mota na mutum biyu zuwa da dawowa.

A fara da tambayoyin mutane

Kafin a zauna a gaban kwamfuta, a je ofishin ɗaukar ɗalibai da wajen masu gadin ƙofa, a tambaye su abin da baƙi suka fi tambaya, a rubuta. Masu gadi sun fi kowa sanin wannan, domin su ake fara tarewa. Za a tarar tambayoyin ba su da yawa: wane kwas ake yi, wane maki ake buƙata, waɗanne darussa ne dole a ci a WAEC ko NECO, yaushe za a buɗe rajistar tantancewa kuma yaushe za a rufe, nawa ne kuɗin makaranta, akwai ɗakin kwana ko babu, sannan wa za a kira idan an sami matsala. Waɗannan su ne ya kamata su mamaye shafin farko, kowace da mahaɗinta a fili, ta yadda mai neman amsa ba zai danna fiye da sau biyu ko uku ba kafin ya isa gare ta.

Abin da aka saba yi kuwa shi ne a tsara shafin bisa tsarin mulkin jami'a, wato a fara da jawabin shugaba da hotonsa, sai majalisar gudanarwa, sai manyan jami'ai, sai hotunan tarurruka suna wucewa ɗaya bayan ɗaya. Ban ce a cire waɗannan ba, domin jami'a tana da martabar da take son nunawa, amma wurinsu yana ciki, ƙarƙashin bayanin makaranta. Yaron da ya gama sakandare bai san bambancin ofishin rajistara da na tsare-tsaren karatu ba, kuma bai kamata sai ya san hakan kafin ya gano ranar rufe rajista ba. A raba hanyoyin shiga bisa masu zuwa: mai neman gurbi, ɗalibin da ke karatu, wanda ya gama yana neman takardunsa, ma'aikaci, da iyaye. Dambu idan ya yi yawa ba ya jin mai, don haka kada jerin zaɓin da ke saman shafi ya wuce abubuwa shida ko bakwai.

Kowane kwas ya sami shafinsa, kuma dukkan shafukan kwasa-kwasai su bi tsari iri ɗaya, ko na wace tsangaya ne. A faɗi sunan kwas kamar yadda yake a kundin JAMB, ba tare da sauya ko kalma ɗaya ba, da shekarun da ake yi, da haɗin darussan da ake rubutawa a jarrabawar shiga, da sharuɗɗan masu shigowa da difloma ko NCE, sannan a bayyana matsayinsa a wajen hukumar NUC mai kula da jami'o'i, tare da shekarar da aka tantance shi. Wannan na ƙarshe iyaye ba su cika tambayarsa ba saboda ba su san da shi ba, amma haƙƙinsu ne a gaya musu.

Nauyin shafi

A nan ne mafi yawan shafuka suke faɗuwa, kuma dalilin a bayyane yake. Wanda ya gina shafin yana zaune ne a ofis mai intanet mai ƙarfi da babbar kwamfuta, saboda haka komai yana buɗe masa nan take, bai taɓa ganin abin da mu muke gani ba. Hoton da aka ɗauka da kyamara mai kyau yakan kai megabait 5 ko fiye. Idan aka jera irinsa guda goma a shafin farko ba tare da an rage su ba, an ɗora wa mai ziyara megabait 50 ke nan, alhali yaron da ke gefena datar naira ɗari biyu ko ɗari uku ya saya, kuma da ita yake son ya cike fom.

Gyaran ba shi da wuya. A rage faɗin kowane hoto zuwa girman da za a nuna shi, a matse shi ya koma tsakanin kilobait 100 zuwa 150, a adana shi a tsarin WebP wanda ya fi JPEG sauƙin nauyi, kuma a saita hotunan da ke ƙasa kada su sauka sai mai karatu ya gangaro inda suke. A cire hotuna masu juyawa da kansu, a hana bidiyo tashi ba tare da an danna shi ba. Ra'ayina shi ne shafin farko kada ya wuce megabait 1 gaba ɗayansa, kuma rubutu ya riga komai fitowa, ta yadda ko sabis ya yanke a tsakiya, mai karatu ya riga ya ga sanarwar da ya zo nema. Akwai ma'aunin kyauta na Google mai suna PageSpeed Insights, wanda idan aka ba shi adireshin shafi zai nuna abin da ke janyo jinkiri a waya.

Kuma a tsara shafin domin waya tun farko, daga baya a faɗaɗa shi domin kwamfuta. Rubutu ya zama ana karanta shi ba sai an ja shi da yatsu biyu ba, maɓallai su yi girman da babban yatsa zai danna ba tare da ya taɓa na kusa ba, teburin kuɗin makaranta kuma kada ya fice daga gefen allo ya ɓoye jimillar. A tuna cewa wayar da za a buɗe shi da ita ƙaramar Itel ce ko Tecno da ta sha jiki, wataƙila allonta a tsage, kuma an biya kuɗi a wurin mai caji kafin ta kawo wuta.

Kwanan wata da mai alhaki

Duk sanarwar da ba ta ɗauke da kwanan wata da zangon karatun da ta shafa, haɗari ce. A rubuta rana da sunan wata da shekara cikakku, misali 5 ga Satumba, a bi shi da shekarar, domin idan aka rubuta da lambobi zalla wani zai karanta wata a matsayin rana. Ranar da wa'adin sanarwa ya cika, a ɗauke ta daga shafin farko a mayar da ita ma'ajiyar tsofaffin sanarwa, a rubuta a samanta ƙarara cewa ta wuce. Kada a goge ta baki ɗaya, domin wani lokaci ɗalibi yakan buƙaci hujjar abin da aka sanar a shekarar da ya shiga.

Wannan ba zai yiwu ba sai an san mai kowane shafi. A yi rajista guda, ko da a takarda ce, da ke nuna kowane shafi, da ofishin da bayanin ya fito daga gare shi, da jami'in da zai duba shi, da lokacin dubawa na gaba. Kuɗin makaranta na ofishin ma'aji ne, sharuɗɗan shiga na ofishin ɗaukar ɗalibai ne, jerin malamai na shugaban sashe ne. Sashen fasahar sadarwa aikinsa ya tabbatar shafin yana tafiya, amma ba shi ne zai san cewa wani malami ya yi ritaya ko an sauya ranar jarrabawa ba. A ƙasan kowane shafi a nuna ranar da aka yi masa gyara na ƙarshe da sunan ofishin da ke kula da shi. Shawarata ita ce a bi dukkan shafuka a farkon kowane zango, shafukan ɗaukar ɗalibai kuwa a duba su kowane mako muddin ana cikin lokacin ɗauka.

Haka nan, kada a bar kowace tsangaya ta gina nata shafin da nata launi da nata tambari, wannan a wannan adireshi, wancan a wancan. A fitar da ƙa'ida a rubuce, gajeriya, mai faɗin yadda ake rubuta sunan jami'a, da launukan da aka amince da su, da salon haruffa, da inda tambari yake zama, kowa ya bi.

Kuɗi da 'yan damfara

Lokacin ɗaukar ɗalibai kaka ce ga masu damfara. Sukan buɗe shafi a Facebook da tambarin jami'a, ko su turo saƙo a WhatsApp cewa ga lambar asusun da za a biya a sami gurbi, kuma mutanen karkara ne suka fi faɗawa hannunsu, saboda ba su da wanda za su tambaya a kusa. Shafin jami'a shi ne katangar farko. Ya zama a adireshin da ya ƙare da edu.ng, wanda ƙungiyar NiRA mai kula da adireshin Nijeriya ta keɓe wa makarantun gaba da sakandare, kuma fotal ɗin rajista da na biyan kuɗi da na ɗakin karatu duk su rataya a ƙarƙashin wannan adireshi guda. Idan jami'a da kanta tana tura ɗalibai wani baƙon adireshi domin biyan kuɗi, ta koya musu ke nan cewa baƙon adireshi ba abin tsoro ba ne.

Dole shafin ya kasance a kan HTTPS, wanda ke rufe bayanan da ke tafiya tsakanin waya da shafin, kuma babu uzurin kuɗi a nan tunda ƙungiyar Let's Encrypt tana bayar da takardar shaidar da HTTPS yake buƙata kyauta. Abin da ake yawan mantawa shi ne sabunta ta, sai ɗalibi ya wayi gari burauzarsa tana gargaɗinsa cewa shafin ba amintacce ba ne. A saita sabuntawar ta riƙa yin kanta.

A shafin kuɗi a rubuta komai dalla-dalla, na ɗan sabon shiga daban, na tsohon ɗalibi daban, na ɗakin kwana daban, tare da hanyar biya guda da aka amince da ita, ko Remita ce ko wata, da hoton yadda rasit na gaskiya yake. A rubuta da manyan haruffa cewa jami'a ba ta karɓar kuɗi ta asusun wani mutum, kuma gurbin karatu ta tsarin CAPS na JAMB yake fitowa, wanda aka fara aiki da shi a 2017, inda ɗalibi da kansa yake shiga ya karɓa. A jera sahihan shafukan jami'a na dandalin sada zumunta a wuri guda domin a gane na bogi. Tun da aka fara bayar da bashin karatu na NELFUND a 2024, ya dace a ƙara bayani a kansa da mahaɗin da ke kai mutum shafin hukumar kai tsaye.

Takardun PDF da fom

Al'adar ɗaukar hoton takardar da aka buga aka sa mata hannu, a ɗora ta a matsayin sanarwa, ya kamata a daina ta. Irin wannan takarda tana da nauyi, ba ta karantuwa a ƙaramar waya, ba lallai injin bincike ya ga abin da ke cikinta ba, makaho kuma ba shi da hanyar sanin abin da ta ƙunsa. A rubuta sanarwar a matsayin rubutun shafi, idan ana son nuna sa hannun rajistara sai a liƙa takardar a ƙasa, a faɗi girmanta domin mutum ya san abin da zai kashe kafin ya sauke.

Fom kuwa a gina shi da sanin cewa sabis zai yanke. A raba shi mataki-mataki, kowane mataki yana adana kansa, domin babu abin da ya fi karya zuciya irin yaro ya shafe rabin awa yana cikewa, ya zo ƙarshe komai ya goge. Tun kafin a fara a gaya masa abin da zai tanada: lambar JAMB, lambar NIN, sakamakon jarrabawa, da girman hoton fasfo da ake karɓa. Idan ya yi kuskure, saƙon ya faɗi inda kuskuren yake da yadda zai gyara, cikin magana mai sauƙi. A kuma lura da sunayenmu, domin na sha ganin fom ya ƙi karɓar Sa'adatu ko Mu'azu ko Isma'il saboda alamar da ke tsakiyar sunan, sai yaro ya rubuta shi ba yadda yake a takardunsa ba, matsalar kuma ta biyo shi har ranar tantancewa. Yawancin ɗalibanmu a shagon kafe ake cike musu, saboda haka fotal ya riƙa fitar da mutum da kansa bayan ɗan lokaci, kuma ya ba ɗalibi damar sauya kalmar sirri ta lambar wayarsa.

Hausa a shafin jami'a

Turanci ne harshen karatu a jami'o'inmu, ban musa ba, amma wanda zai biya kuɗin makarantar sau da yawa manomi ne ko ɗan kasuwar ƙauye da ya iya karanta Hausa sarai. Ba sai an fassara shafin duka ba. A fassara abin da ya shafi iyaye: kuɗi, ranakun komawa da hutu, ƙa'idojin ɗakin kwana musamman na mata, gargaɗi kan damfara, da lambar da za a kira. Na ga uban da ya yi ta jan ƙafa kan barin 'yarsa ta tafi karatu, abin da yake son ji kawai shi ne ina za ta kwana kuma wa ke kula da wurin, da ya sami wannan a harshensa da shawarar ta zo masa da sauƙi. Jami'o'in yankin nan suna da masana Hausa a cikin gida, saboda haka a ba su aikin, kada a dogara da fassarar inji ba tare da mutum ya duba ba.

Ta fuskar fasaha, a saita shafin a kan UTF-8, wato tsarin adana haruffa da ya ƙunshi har da na Hausa, a zaɓi salon haruffan da ke ɗauke da ɓ da ɗ da ƙ, irin su Noto na Google, sannan a gwada a waya a ga ba su koma akwatuna ba. A guji tsofaffin salon haruffan buga Hausa da ake amfani da su a maɗaba'a, waɗanda ke aron wasu alamomi su mayar da su haruffa masu lanƙwasa, domin a intanet alamomin ne za su fito. A kuma sanya wa shafukan Hausa alamar harshe ta "ha", wadda ke nuna cewa Hausa ce, a cikin lambobin ginin shafi.

Masu buƙata ta musamman da sirrin ɗalibai

Akwai ƙa'idojin duniya da ƙungiyar W3C ta fitar masu suna WCAG, waɗanda sabon bugunsu na 2.2 ya fito a 2023, kuma matakin AA, wato na tsakiya cikin matakansu uku, shi ne ya kamata jami'a ta nufa. Daga cikin abin da suka tanada, kowane hoto mai ma'ana ya sami bayani a rubuce domin manhajar da ke karanta wa makafi allo, bambancin hasken rubutu da bangonsa ya kai 4.5 bisa 1, bidiyo ya zo da rubutun abin da ake faɗa domin kurame, a iya bin shafin duka da allon madannai ba tare da linzami ba, kuma kada launi kaɗai ya zama alamar bayani, tunda akwai masu wahalar bambance ja da kore. Maganar bambancin haske ta shafi kowa, domin duk wanda ya taɓa karanta rubutu mai ruwan toka a waya cikin ranar Afrilu ya san wahalarsa. Nijeriya tana da dokar hana nuna wariya ga masu buƙata ta musamman da aka sanya wa hannu a Janairun 2019. Gwaji kuma ba ya cin ko kwabo, tunda manhajar karanta allo ta TalkBack tana cikin wayoyin Android, takwararta NVDA kuma kyauta ce a kwamfuta.

Game da sirri, dokar kare bayanan jama'a ta 2023 ta ɗora wa duk mai tattara bayanan mutane nauyin kiyaye su. Kada a baza jerin sunayen ɗalibai da lambobin wayarsu da ranar haihuwarsu ko makinsu a fili, domin daga irin wannan jeri 'yan damfara suke samun lambar da za su kira. Kowa ya shiga fotal ya ga nasa. A nemi izini kafin a sa hoton ɗalibi ko ɗaliba, kuma kada fom ya tambayi abin da ba a buƙata.

Gwaji kafin buɗewa

Idan an gama, kada a yi gwajin a harabar jami'a. A sayi ƙaramar waya ta kasuwa, a sa mata datar da ɗalibi zai iya saya, a ɗauki ma'aikata biyu a tafi wata sakandaren ƙauye, a Taura ko Miga ko Kiru, a nemi izinin shugaban makaranta a zauna da 'yan ajin ƙarshe biyar ko shida, maza da mata. A ba kowannensu aiki takamaimai, wannan ya nemo kuɗin da ɗan sabon shiga sashen aikin gona zai biya, wancan ya nemo ranar rufe rajistar tantancewa, waccan ta nemo lambar ofishin kula da ɗakunan kwanan mata. Ma'aikaci ɗaya ya riƙe agogo, ɗayan ya riƙe biro, kuma kada wanda ya taimaka ko ya nuna inda za a danna, ko da yaro ya ɗago kai yana neman agaji. A rubuta inda kowa ya tsaya, da kalmar da bai gane ba, da yawan datar da ta tafi. Lambar wayar da aka samo kuma a kira ta nan take a gaban yaran, a lokacin aiki, a ga ko za a ɗauka. Duk inda yara uku cikin biyar suka maƙale, a koma ofis a gyara wurin, sannan a sake fitowa wani ƙauyen daban kafin a buɗe rajistar shekarar.